Maɗaurin da Taguwa Ba Ta Tsinka Ba

A layinmu na bayan tasha, nan Ƙauran Namoda, in ka ji ana gardama a kan abin da ba wanda ya taɓa gani, to Ɗanbaba na wurin. Ya yi shekaru yana tsaron ƙofar silima yana yage tikiti, kuma a ganinsa duk ƙasar da aka haska a bango ya je ta. Da Shari'a ta zo aka garƙame silimar, sai ya kwaso ilminsa kaf ya dawo teburin shayin Nagoggo da shi. Mu masu shan shayi mu muka shiga uku.

Abin da ke riƙe da gidansa kuwa keken ɗinkin matarsa Larai ne. Tun safe za ka ji shi yana kiɗa ta bayan katanga, shi ne tuwo, shi ne miya, shi ne ma shayin da Ɗanbaba ke kurɓa yana ba mu labarin Turai. To ranar da Larai ta tafi suna Kasuwar Daji, mutumin naku ya saɓi keken nan ya kai wa wani dillalin gwanjo da ya zo daga Jibiya, aka yi musaya. Kowa ya san kayan gwanjo a ɗaure ake karɓarsu, sai ka kwance kake ganin rabonka. Aka ba shi wani dogon kwali, wai kayan Turawa ne zalla.

A gaban teburin shayi ya farke shi, don kowa ya shaida. Muna jiran riguna da wanduna, sai ga wani dogon allo mai lanƙwasa a baki biyu, da takalma biyu masu kauri kamar turmi, da tulin wasu abubuwa na roba. Kowanne da gindin da ake kafewa a jikin allon da noti, da jingina ta bayan dunduniya, da wani harshe mai haƙora da ake zurawa cikin ɗan makullin ƙarfe yana ƙara ƙat-ƙat-ƙat, sai ɗan kunne a gefe wanda in ka ɗaga ya saki.

Nagoggo ya leƙa ya ce, "Tarkon gahiya na ka sawo muna?"

Fuskar Ɗanbaba ta yi wani iri na ɗan lokaci, muka ce yau dai ya ga ta kansa. Ina! Sai ya buga cinya.

"Jahilci dai bai yi ba. Wanga allon sulu na, Turawa ka hawa nai bisa dusar ƙanƙara. Wa'annan kau maɗauran ƙahwa na. Ni da idona nig ga Bature ya diro daga ƙolin dutsi, ya wulwula sama sau ba adadi, ƙahwatai ba ta hita ba. Abin da yar riƙe Bature bisa dutsi, mi ab buhun gero gare shi?"

"To ina ƙanƙarar taka? Ko ta mai lemu za ka aro?"

"Allon talla na kawai. Kuɗin na ga maɗauri. Duk raƙumin da ad Zanhwara sai ya yar da majayin hwata ya koma ga wanga. Ba shi tsinkewa, ba shi ruɓewa, wuƙa ma ba ta cin shi."

Larai ta dawo ta tarar da gurbin keke. Ba ta yi ihu ba, ba ta fasa ko kwano ba. Almakashinta kawai ta ɗauka ta ƙulle a bakin zane, ta shiga motar Zurmi.

Ubanta, Alhaji Saminu, shi ne babban mai raƙuma a Zurmi, mutum ne mai tsada da magana. Da Ɗanbaba ya je biko, ya tuɓe takalmi tun daga bakin hanya, ya tsuguna a zaure, maimakon ya ba da haƙuri sai ya zaro maɗauri guda daga aljihu ya shiga yi wa surukinsa talla. Alhaji ya bari sai da ya gaji.

"Ka gama?"

"Na gama, Baba Alhaji."

"Ran Alhamis ta sama ina kasuwar Shinkahi da raƙumana. Ka taho da abin nan naka a gwada gaban jama'a. In ya riƙe, ni da kaina ina sa shi ga raƙumana, in hanso keke, ɗiyata ta koma ɗakinta. In ya tsinke, kada in ƙara ganin ƙahwarka ƙohwar gidan ga sai dai gaban alƙali."

Wani zai fito jiki a sanyaye. Ɗanbaba ya fito yana tambayar yaran mota ko sun san mai sayar da fili a Gusau.

Gwajin farko a teburin shayi aka yi shi. Ya zagaye ƙafar bencin Nagoggo da maɗauri, ya ja makulli ƙat-ƙat-ƙat, yana waiwayenmu yana murmushi. A ja na gaba harshen ya ce ƙas, guntun ya tashi ya faɗa cikin kofin wani direba.

"Wuƙa ba ta cin shi," in ji Nagoggo, "shi ka cin kainai."

"Ƙishirwa ta," in ji Ɗanbaba. "Ya daɗe cikin jirgin ruwa bai sha mai ba. Ko hwatar baduku in ta bushe karewa takai."

A nan fa ya yi wa robar Turawa irin gatan da ake yi wa fata. Ya sayo man shanu wurin Fulani, ya zauna a ƙofar gida ya mulke maɗauran nan ɗaya bayan ɗaya har suna ƙyalli, sannan ya hau ya shanya su bisa kwanon ɗakinsa don man ya ratsa. Bazara ce, irin ranar da ko ƙadangare ke neman inuwa. Suka kwana suka wuni suna gasuwa. Ɓerayen unguwa kuwa ba su taɓa samun walima irin wannan ba. Da ya sauko da su, wasu sun murɗe, wasu ɓera ya gaigaye musu haƙora, wasu in ka lanƙwasa sai su ɓare kamar ƙanzo.

Ya tsince masu dama-dama, ya rasa inda zai gwada sai kan Tani mai ƙosai. Tana da buhun wake da ɗan kabu-kabu zai kai mata inji. Ɗanbaba ya ture igiyar robar da mai babur ya saba ɗauri da ita, ya haɗa maɗaurai biyu baki da baki ya ɗaure buhun, ya ce a je a dawo a gode masa. Haƙoran da suka sha man shanu ina za su ciji wani abu? Babur na faɗawa ramin farko harshen ya zame sul, buhu ya dira a kan titi ya fashe, awakin layi suka taso kamar an yi musu shela.

Tani ta iso da matsamin ƙosanta a hannu.

"Ɗanbaba, Allah ya isa tsakanina da kai! Ka kori matarka, yanzu waken marayuna kaka bi?"

"Inna Tani, ki yi haƙuri, amma ki duba da kyau, bai tsinke ba. Zamewa yay yi."

"Zo nan in gwada maka bambancin da matsamin ga!"

Ya sha da ƙyar. Amma kafin la'asar ya gano mai laifi. Ba man shanu ba ne, ba rana ba ce, ba shi ba ne. Ɗan kunnen nan ne na saki.

"Shi am munahuki," ya ce mana. "Abin da anka yi don shi riƙe, mi ya haɗa shi da buɗewa? Nan Bature yay yi kuskure."

Ya aro filaya ya bi su duka ya ɓalle kunnuwan, ya goge man da toka. Da ya zo kafa biyu a jikin allon ya tarar notunan ba su cika ba, sai ya nemo ƙusoshin kafinta ya buga ta sama, ya lanƙwashe bakinsu ta ƙasa. Yana yi yana cewa in Turawan suka ji labarin gyaran da ya yi musu, har gida za su aiko a ɗauke shi.

Ran Alhamis rabin layinmu sai da ya je Shinkafi. Nagoggo, wanda ko ranar sunan ɗansa bai rufe tebur ba, ya rufe ya bi mu.

Bayan karar raƙuma akwai rairayin gulbin da ya ƙafe, a nan aka taru. Alhaji Saminu na zaune bisa tabarma da manyan masu raƙuma. Shi nufinsa a ɗora wa raƙumi buhu biyu a ɗaure a zagaya, shi ke nan. Amma Ɗanbaba ya ga jama'a, kansa ya kumbura.

"Buhu? Baba Alhaji, buhu ba shi da baki, ba shi ba da shaida. Ni za a ja."

Ya zura ƙafafu cikin takalman nan masu kauri, ana zafin da ƙarfe ke ƙuna. Ya hau allon ya danna makullai ƙat-ƙat-ƙat har iyakar haƙora. Ya sa aka kawo doguwar igiya, baki ɗaya a sirdin wata taguwa daga cikin raƙuman Alhaji, ɗaya bakin kuma ya ƙulla a ƙugunsa, wai hannuwansa na da aikin gaida jama'a.

Dogo, mai kula da raƙuman Alhaji, ya dube shi sama da ƙasa.

"Malam, wagga taguwa ba ta son abu shi bi bayanta. In ta ji motsi ba ta tsayawa."

"Ita dai ta yi ta kanta. Ni a kahe nike."

"In kana son sauka hwa, ƙaƙa za ka yi?"

"Wa yac ce maka ina son sauka?"

Dogo ya dubi Alhaji, Alhaji ya ɗaga kafaɗa. Aka ta da taguwa.

Gaskiya a faɗe ta, da farko abin ya tafi. Allon ya zame bisa rairayi sumul, Ɗanbaba ya buɗe hannuwa kamar shaho, har wasu suka fara kabbara. Ya juyo yana kirari. "Sai ni na Larai! Nagoggo, kana gani ko in dawo?"

Bai rufe baki ba allon ya hau wani busasshen kututture ya buga ƙwal. Taguwa ta waiga ta ga wani abu mai fukafukai na bin ta, ta fizge akala daga hannun Dogo ta zuba a guje. A fizgar nan gindin maɗaurin dama ya tsage gida biyu, ƙusoshin kafinta suka yi tsalle, ƙafar ta fito, takalmin ya yi nasa wuri. Na hagu kuwa ya ce ina nan. Ɗanbaba ya yi ɗangyashi da ƙafa ɗaya, ya yi addu'ar da ya iya, sannan ya zauna daɓas, igiyar ƙugu ta ci gaba da aikinta.

Kai, ranar na yi dariya har cikina ya ƙulle. Taguwa ta haye gaɓa ta kutsa gefen kasuwa, shi yana biye a kan gindinsa, allon na jujjuyawa a ƙafarsa yana sharar duk abin da ya samu. Ya share tulin albasa. Ya ratsa masu tukwane, ka ji ƙwaram-ƙwaram kamar ana rushe gari. Ya ɗebi tsintsiyar wata tsohuwa a wuya. Hannunsa na lalube a kan makulli yana neman ɗan kunnen da ya ɓalle da kansa, bakinsa na kiran, "Dogo! Dogo, don girman Allah!" Sai da taguwar ta isa kwamin ruwa bakin rijiya ta tsaya don ra'ayin kanta, shi kuma ya ƙarasa cikin taɓon da dabbobi suka dama.

Muka iske shi kwance, bayan wando babu, albasa a cikin riga. Wani mahauci ya yanke igiyar ƙugun, ya sunkuya zai yanke maɗaurin. Sai Ɗanbaba ya rungume ƙafarsa da hannu biyu.

"Kada ka taɓa! Jama'a ku shaida, wanga ya riƙe!"

"Ɗayan hwa?" in ji Nagoggo.

"Ɗayan ƙusa ta ci amana tai. Amma wanga, taguwa guda ta ja shi ta kasa. Baba Alhaji cewa yay yi in ya riƙe. Ga shi ya riƙe."

Alhaji Saminu ya ƙaraso, ya sallami masu tukwane da albasa da alkawarin zai ji da su, ya tsaya yana duban surukinsa kamar mai duban ɓarnar fari a gona.

"Keken ba nawa na ba, na Larai na," ya ce. "In an tashi kasuwa a kai mata shi hakanan da allon, ta gani da idonta. Abin da tac ce shi za a yi."

Ana haka aka kira azahar. 'Yan agaji suka shigo suna kaɗa mutane masallaci, kamar yadda aka saba tun zuwan Shari'a. Ɗaya ya tsaya a kan Ɗanbaba.

"Malam, tashi, salla."

"Ina da lalura."

"Tuɓe lalurar ka yi alwalla."

"Ba ta tuɓuwa. Shahwa za ni yi bisa huffi, ai littahi ya yarda."

"Huffi safar hwata ta. Wane littahi kag ga huffi da katako kamu huɗu?"

"Na Turawa na."

"To bari in kira mahauci."

"A'a! Shaida ta, ta shari'a. In ka yanke ka kashe aure."

Ɗan agajin ya je ya kirawo wani malami. Malamin ya duba, ya kauda kai yana gyaran murya don kada a ga haƙoransa, ya ce ya yi yadda zai iya, ya rama in Allah ya kwance shi. Haka aka yi salla, sahu na ciki, Ɗanbaba na can waje bayan takalman mutane, a zaune, ƙafa a miƙe.

Da yamma aka loda shi a bayan akori-kurar Alhaji tare da awaki. Ni da Nagoggo muka ɗane, don wannan ba abin da za a ba mutum labari ba ne. Kafin mu kai Zurmi ƙafar ta kumbura ta cika takalmin, yana cizon leɓe, gumi na zuba, amma duk ramin da aka faɗa sai ya shafa maɗaurin ya ce, "Kun gani ko? Ko gezau."

A ƙofar gida muka sauke shi. Ya ja allon ƙiii har bakin zaure, nan ya tsaya turus. Ba a shiga zauren suruki da takalmi, nasa kuma ba ya fita. Alhaji na ciki bisa buzu.

"Shigo hakanan. Yau dai an yahe maka."

Ya kutsa a karkace, allon ya bugi dokin ƙofa hagu da dama. Aka aika ciki a kira Larai. To ka san ba a gaida suruki a tsaye, balle mai neman a mayar masa da mata. Ɗanbaba ya gyara abin da ya rage na rigarsa, ya lanƙwasa gwiwa ya tsuguna.

Ƙas!

Harshen robar da ya sha man shanu, ya sha rana, ya sha jan taguwa, ya tsinke a daidai wuyan ƙafa. Makullin ya tashi ya gangara, bai tsaya ba sai a gaban Larai, wadda ta sako ƙafa zauren ke nan, lulluɓe da mayafi, almakashi a hannu.

Larai ta ja ta tsaya. Ta dubi makullin, ta dubi mijinta.

"Baba, cewa anka yi in taho da almakashi in kwance wani bawan Allah. Ashe ba sai na dakushe abina ba."

"Larai, wallahi ya riƙe tun daga Shinkahi! Tambayi Nagoggo. Yanzun nan na, tsugunnin ga na..."

"Na ji ƙara tai, malam. Ina da kunne."

"Ki ba ni mako guda. Akwai saura cikin kwali, na gane inda matsalar take. In hanso miki kekenki da hannuna."

"Wane keke?"

Sai a lokacin muka kula. Daga cikin gida ana jin wani kiɗa da duk ɗan layinmu ya sani, ƙanwarta ce ta hau tana taɓawa. Ɗanbaba ya saki baki ya dubi Alhaji.

"Tun washegarin da kaz zo biko na aika Jibiya anka amso shi," in ji Alhaji.

"Amma Baba Alhaji, ai ba a yi gwajin ba sannan."

"Awo. Mun dai san ka."

Larai ta mayar da almakashi bakin zane ta ƙulle.

"Keke ya zauna nan, ni ma nan. Ran Litinin mu gamu gaban alƙali."

Ta juya ta shige. Ba a jima ba kiɗan keken ya canza, ya koma na hannun mai shi.

Muka fito da shi ana shirin magariba, ƙafa ɗaya cikin turmin Turawa da ya ƙi fita don kumburi, ɗaya ba ko silifa. Allon ma ba wanda ya ce ya ɗauka. Har muka kai bakin titi kansa na sunkuye, abin da ban taɓa gani ba tunda na san shi, har na fara jin tausayinsa. Sai ya ja tsaki.

"Ni dai na san ba laihin maɗauri na ba. Da ban tsuguna ba, da yanzu tana ɗaura kaya."

Nagoggo ya tare mana mota, ya buɗe masa ƙofa.

"Gaskiyarka," ya ce. "Ladabin na bai karɓe ka ba. Ba ka saba ba."